Wat na Kwali da Wat na Fili: Zaɓen Kayan Sauti a Damargu

Daga Tanut zuwa Belbeji, da wuya yanzu a yi wani sha'ani ba a nemi mai sono ba. Ɗaurin aure ne, walimar saukar Alƙur'ani ce, wa'azin dare ne, kokawar bayan girbin gero ce, ko shelar rigakafi ranar kasuwa, sai ka ga an kafa sanda an rataya lasifika. Kayan kuwa galibi daga kasuwar Dole ta Damagaram ake sayo su, ko daga Sabon Gari ta Kano, su biyo hanyar Agadas, tafiyar kusan kilomita 150 daga Damagaram kafin su iso Tanut. Tambayar farko da mai saye ke yi ba ta sauyawa: "Wat nawa ne?" Mai shago ya nuna masa kwali an dambara 5,000 da jan rubutu, a yi ciniki, a ɗaure kaya a kan mota.

Wannan lambar ta kwali ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da aka rubuta a jikin na'urar. Idan ka ga haruffan PMPO kusa da ita, lissafin talla ne kawai. Lambar da ake aiki da ita ita ce mai RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ko ɗauka na tsawon lokaci ba tare da ta ƙone ba. Akwai ma hanyar kama ƙarya tun a shago. Juya ampili mai aiki da batir ka dubi fiyus ɗinsa. In an rubuta 5A, batirin kuma mai bolt 12 ne, to 12 sau 5 sittin ke nan. Na'urar da ba ta iya jan wutar da ta wuce wat 60 ta ina za ta fitar da 5,000?

Ko wat na gaskiyar ma ba shi ne ƙara ba. Ƙarar sauti da desibel ake auna ta, kuma kowace lasifika ta ƙwarai tana da lambar da ke nuna ƙarar da take yi idan an ba ta wat 1, mai aunawa na tsaye nisan mita 1. Bafil na katako, irin na buki, yakan ba da desibel 95 zuwa 97. Lasifikar ƙaho ta ƙarfe, irin ta saman masallaci, wadda kamfanoni irin su TOA na Japan da Ahuja na Indiya suka yi suna da ita, takan kai 105 zuwa 110. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi sau goma kunne ke jin kamar ƙarar ta ninka. Mu yi lissafin: bafil mai desibel 97 da aka ba wat 200 zai kai 120. Ƙaho mai 108 da aka ba wat 30 kawai zai kai kusan 123. Ga ƙaramin abu mai arha, da batirin mota ma yana tashi, ya kere babban akwati.

To me ya sa ba a yin buki da ƙaho? Saboda ba shi da gindin sauti. Maganar ɗan Adam ana fahimtarta sarai tsakanin amo 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa, iyakar da wayar tarho ta dā ke ɗauka ke nan, kuma nan ƙaho ya fi ƙwarewa. Amma dukan ganga, da tande, da ƙasan gitar nan ta mutanen Agadas da samari ke so, duk suna ƙasa da inda ƙaho ke kaiwa. A sa masa kiɗa sai ka ji kamar ana dukan gwangwani, a matsa masa kuma fatar cikinsa ta tsage. Saboda haka kwamitin masallaci da mai shelar kasuwa ƙaho ya kamace su, mai buki kuma bafil. Wanda ke ba da haya ga kowa, gara ya mallaki biyun ya ware musu ampili daban-daban.

Sai fili. A Damargu taro a sarari ake yinsa, babu bangon da zai mayar da amo, sai yashi da iska. A irin wannan wuri duk sa'ad da nisa ya ninka, desibel 6 ke zubewa. Bafil ɗin nan mai 120 a gabansa, a mita 16 ya koma 96, a mita 32 ya koma 90. In kuma a ƙasa aka ajiye shi, jikin mutanen sahun gaba ya shanye sauran, su kunnensu na zogi, na baya suna cewa a ƙara. Ɗaga shi sama da kawunan jama'a ya fi sayen wani ampili amfani, kuma kuɗin sanda ne kawai. Da rana tsaka ma zafin ƙasa kan lanƙwasa sauti ya yi sama, da asuba kuwa da ƙasa ta huce sai ya kwanto, shi ya sa kiran assalatu ke kaiwa ƙauyen da na azahar ba ya kaiwa.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen haɗi. Yawancin bafil om 8 ne. Ka jona biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Ka jona huɗu sun koma 2. Lambar na raguwa, wutar da ake tatsa daga ampili na ƙaruwa, alhali yawancin ampili an rubuta a bayansu kada a sauka ƙasa da 4. Mai buki ya matso ya ce, "Maigida, a ƙara guda biyu ta wajen mata," mai sono ya ji nauyinsa ya jona, kafin la'asar sai ƙauri. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba kuma, ƙaramin ampili ya fi babba kashe lasifika. Idan ƙarfinsa ya ƙare aka ci gaba da murɗawa, sautin na fitowa a yanke, mai kaushi, ya gasa siririn nadin waya na ƙaramar lasifikar sama. Masu sana'ar kan zaɓi ampili da ya ninka RMS na bafil sau ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan su tsaya da zarar jar fitila ta fara ƙyaftawa. Waya ma tana cin rabonta: siririya mai kaurin 0.75 da aka ja mita 50 zuwa om 4 tana cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, sanholo ce aka shafa wa tagulla. Masallacin da ke son kai ƙaho nesa ya nemi ampili mai bakin 100V da ƙaho mai taransifoma, wannan tsarin don doguwar waya aka yi shi.

Duk wannan sai da wuta. Matatar mai ta Soraz, da aka buɗe a 2011, a ƙaramar hukumar Olelewa take cikin gundumar Tanut, amma ƙauyuka da rugage da yawa na Tarka da Tenhiya da gurup, wato janareta, ko batir da faifan sola ake yin taro. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe da wat-awa 1,200, rabi ake ci in ana so ya daɗe, kuma wannan rabin ya ishi ampilin wa'azi dare guda. Kiɗa sai gurup. A tayar da shi ya daidaita tukuna, ampili ne na ƙarshe wajen kunnawa, shi ne na farko wajen kashewa, kada kuma a bari mai ya ƙare kaya na jone. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura maki 40, ampili na son inuwa da iska ta bayansa. Bayan hunturu a kwance murfinsa a hure ƙurar da ta toshe fankarsa.

A birni yanzu bafil mai ampili a cikinsa ake yayi, ba ruwanka da lissafin om, ga rashin nauyi. Ni dai ban cika ba mutumin Belbeji shawararsa ba. Ran da allon cikinsa ya ƙone, akwatin gaba ɗaya ne zai hau mota zuwa Damagaram, wataƙila har Kano, ya yi makonni ana jiran kayan gyara. Tsohon tsari mai ampili daban da bafil daban kuwa, mai gyaran rediyo na bakin tasha yana iya sauya masa taransista ko ya sake naɗa masa waya, in ampilin ya ƙi kuma a ari na makwabci a ƙarasa bukin.