Yamai: dokar tsabta tana nan, amma a kan wa take hawa?

Da zarar ruwan farko ya sauka a Yamai, sai kowace unguwa ta fito da abin da ta ɓoye tun rani. Kwatar da leda da yashi suka toshe ta tumbatsa, ruwan wanka da na wanke-wanke da ake sakowa ta ƙarƙashin katanga ya gamu da na sama, filin da mai shi ya saya ya manta da shi ya koma tafki, sauro kuwa ya samu masauki ba da ko dala ba. A lokacin ne maƙwabci ke soma hararar maƙwabcinsa, a lokacin ne kuma ake tunawa da cewa akwai doka a kan duk waɗannan abubuwa, akwai kuma ma'aikatan da ake biya albashi domin su tsare ta.

Dokar ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin Nasara ma'aikatan tsabta, waɗanda a Nijeriya ake kira duba-gari, suna shiga gida-gida suna leƙa randa da tulu, in suka tarar da ƴaƴan sauro su kifar da ruwan, su ci mai gida tara. Sai dai wannan tsabta ba domin talaka aka yi ta ba. Bayan da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, an tsara garin ne yadda kwarin Gunti Yena zai raba unguwar Turawa da ke kan tudu da ta ƴan ƙasa, don kada cutar waɗannan ta isa ga waɗancan. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, aikin ya koma hannun Samariya: a buga ganga, kowa ya fito da tsintsiya da shebur, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin zama cikin gida ba.

Ran 2 ga watan Maris 1993, tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da hankalin jama'a duk yana wajen siyasa, gwamnatin riƙon ƙwarya ta sa hannu a kan doka mai lamba 93-13, wato kundin tsabtar jama'a. Kundin ya hana zubar da shara da ƙazamin ruwa a kan hanya, ya wajabta wa kowane gida ya mallaki salga da wurin tara ruwan wanka, ya yi magana a kan kiwon dabbobi cikin gari, da abincin sayarwa, har da ƙarar da ke hana mutane sakat. Ya kuma tanadi ƴan sandan tsabta, waɗanda sai a 1999 aka fitar da takardar da ta tsara aikinsu. A 2022 majalisar dokoki ta ƙara da wata sabuwar doka a kan lafiya da tsabtar jama'a. Ke nan ta fannin rubutu ba abin da ya rage.

Yadda aikin ya kamata ya gudana ma a sarari yake. Wanda ruwan maƙwabci ke ci wa gindin katanga yakan fara da mai unguwa, domin ba a son zaman tare ya kai ga hukuma. In sulhu ya faskara, sai ya kai kuka ofishin tsabta na ma'aikatar magajin gari, a ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin. Ma'aikaci ya zo ya gani da idonsa, ya yi gargaɗi, ya ba da wa'adi. Wa'adi ya cika ba a gyara ba, a aiko da sammaci, a yanka tara, a ba da rasit. Mai taurin kai kuma a miƙa takardarsa ga shari'a. Tsari ne mai kyau, mai bin mataki-mataki, wanda ke ba mai laifi damar gyara kafin a taɓa aljihunsa.

To, ina gizo ke saƙar? Da farko dai doka tana neman mai gida ya yi abin da shi kansa birnin bai shirya masa ba. Yamai ba ta da magudanar ƙazamin ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ta game gari. Kwatocin da ke akwai an gina su ne domin ruwan sama, kuma yawancinsu a tsofaffin unguwanni da gefen manyan tituna suke. Garin da bai wuce mutum wajen 400,000 ba a ƙidayar 1988 ya haura miliyan ɗaya a ta 2012, unguwanni suna ta tsira gabas da arewa, ba kwata, ba wurin zuba shara. Matar da ta gama wanki a gidan haya mai ɗaki goma da rami ɗaya, in ramin ya cika, ina za ta kai ruwan in ba titi ba? Kuma wa za a ci tara: ita da ta zubar, ko mai gidan da ke karɓar kuɗin haya duk wata, ya ƙi kiran motar yashe rami, wataƙila ma ba ya zaune a garin? Sau da yawa wanda aka tarar a ƙofa shi ke ɗaukar faɗan.

Sai maganar filaye. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani kashi na bashin albashinsu da filaye. Wasu sun gina, wasu sun sayar wa ƴan kasuwa, wasu kuma sun ajiye suna jiran farashi ya tashi. Takardar mallakar fili tana ɗauke da sharaɗin a raya shi cikin wa'adi, amma da wuya a ji an karɓe filin wani don ya bar shi ya zama juji. Ƙaramin ma'aikacin tsabta, wanda ba ya da ko babur na aiki, ba shi ne zai kai sammaci gidan wani babba ba. Kowa ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Amma in hukuma ta so, tana iyawa. A 2016, lokacin da Hamidou Garba ke gwamnan Yamai, katafila ta bi manyan tituna da gefen makarantu da asibitoci tana rushe shaguna da rumfunan da aka kafa a kan filin hukuma, a ƙarƙashin shirin ƙawata birni na Niamey Nyala, ana kuma shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Ba a musun cewa hanyoyi sun buɗe, masu tafiya a ƙasa sun samu wurin sa ƙafa. Abin da ya ƙona wa ƴan kasuwa rai shi ne, da yawansu suna riƙe da takardar izini daga ma'aikatar magajin gari, suna kuma biyan haraji. Gaskiya ne izinin na wucin gadi ne, wanda hukuma ke iya janyewa ko yaushe, kuma haka aka rubuta a jikinsa. Sai dai wanda ya shekara goma yana biya ana karɓa, ya zuba jarinsa duka a cikin shagon kwano, ba zai ɗauki wannan layi da muhimmanci ba sai ranar da ya ga katafila. Hannun da ya ba da izini da wanda ya rushe duk na hukuma ɗaya ne.

Haka dokar leda ta 2014, wadda ta hana shigowa da leda maras kauri da sayar da ita. Duk wanda ya sayi tumatir na dala ashirin a kasuwa ya san matsayinta, alhali ita wannan leda ce ke toshe kwatocin da ake cin mutane tara a kansu.

Kuɗin wannan sakaci ba a ofishin tara ake biyansa ba. Ana biyansa a asibiti duk damina da zazzaɓin cizon sauro. An biya shi a 2021, da cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 5,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana kuma biyansa da katangar laka wadda ruwan maƙwabci ya daɗe yana ci, ta faɗo da dare a kan masu barci.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun birane, suka naɗa wakilai su riƙe su, saboda haka kansilan unguwa da ake tarewa a ƙofar masallaci a kai masa kuka ya kau. Abin da ya rage wa mai ƙorafi shi ne mai unguwa, da ofishin tsabta na gundumarsa, da takarda a rubuce mai kwanan wata, wadda zai karɓi shaidar ajiye ta. Wanda zai kafa shago a bakin titi kuwa, ya karanta takardar izininsa har ƙasa kafin ya sayi kwano da siminti.