Mujiya da sauran tsuntsaye masu farauta: yadda ake gane su

A garuruwa da yawa, in mujiya ta yi kuka bisa ɗaki da dare, sai hankalin mutanen gida ya tashi. Wasu su ce mutuwa take kira. Wasu su ce tsuntsuwar mayu ce. Da gari ya waye yara su bi ta da jifa. Alhali kukan nan kira ne tsakanin namiji da mace, ko kuwa gargaɗi ga wata mujiya cewa wurin yana da mai shi. Abin da ya kawo ta gidan, kusu ne.

Mujiya mai farar fuska tana cin kusu 3 ko 4 a dare ɗaya. Wanda ya koyi lissafi ya buga da kansa: kusu 3 sau kwana 365, ya zama 1.095 a shekara. Wannan cin tsuntsuwa ɗaya ne, ba a sa na ɗiyanta ba. Kusu kuwa yakan haifi ɗiya 10 ko fiye a ciki ɗaya. Shi ke huda rumbu, shi ke tone iri bayan shuka. Tsofaffi ba su manta da 1986 da 1987 ba, lokacin da ɓeraye suka yi yawa a ƙasashen Sahel, har da Nijar, suka yi ɓarna cikin gonaki. Garin da ya kashe mujiyoyinsa ya kori masu gadin da ba su karɓar ko dala.

Idon mujiya ba ya juyawa kamar na mutum. Shi ya sa take juya kai duka, har ta dubi bayanta. Wuyanta yana da ƙashi 14, na mutum 7. Ba sihiri ba ne, halitta ce. Jinta kuma ya fi ganinta ban mamaki. Kunnen mai farar fuska ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo a kai, don haka tana gane inda kusu yake motsi ko cikin baƙin duhu. Gashin fiffikenta mai laushi ne, ba a jin tashinta.

Mujiya iri-iri ce a Nijar. Mai farar fuska ita aka fi sani. Cikinta fari, bayanta ruwan ƙasa, idonta baƙi. Tana kwana cikin kango, da rufin masallaci, da tsohuwar rijiya, da kogon kuka. Kukanta ƙara ce mai tsawo kamar ana yage ƙyalle, shi ne ke tsorata mutane. Akwai babba mai launin toka, mai tukkaye biyu bisa kai kamar kunnuwa. Ba kunnuwa ba ne, gashi ne. Akwai wadda ta fi su duka girma, tsawonta ya kai santimita 60, fatar idonta ja-ja ce. Ita tana son manyan itatuwa na bakin gulbi, har bushiya take ci. Akwai kuma ƴar ƙarama da ke fita ko da rana, mai ɗigo biyu baƙaƙe a ƙeya kamar idanu.

Mai neman mujiya da rana ya saurari ƙananan tsuntsaye. In sun taru a itace ɗaya suna hayaniya, sau da yawa ita suka gani. Daga nan aka samo maganar an mai da mutum mujiya. Ya kuma duba gindin itace ko gindin bango. Mujiya tana haɗiye kusu gaba ɗaya, daga baya ta amayar da gashi da ƙashi a dunƙule. Malamin yaƙi da jahilci zai iya fasa dunƙulen nan da tsinke gaban ɗalibai, kowa ya ga kawunan ɓeraye da idonsa. A wanke hannu da sabulu bayan haka.

Masu farautar rana ana gane su da wutsiya da yadda suke tashi. Shirwa wutsiyarta a rabe take, tana shawagi bisa kasuwa da mahauta. Gaskiya ne tana ɗaukar ƴan tsaki. Maganinta akurki da rumfa, ba guba ba. Shaho fiffikensa mai tsini ne, saukarsa kamar kibiya. Gaggafa wutsiyarta gajera ce ƙwarai, fuska da ƙafafu ja, tana tafiya sama tana karkata dama da hagu. Wasu masu farautar daga Turai suke zuwa bayan damina, su ƙetare teku da hamada, su yi rani nan suna cin fara.

Maganar angulu da mikiya ita ce mai nauyi. Su ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka. Mikiya ba ta da na biyu wajen tashi sama: a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama bisa Abijan, a tsawon mita 11.300. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina yana ƙirga tsuntsaye daga 1969 zuwa 1973. Ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Sai ya tarar manyan angulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, in ban da cikin gandun daji irin na W. Gubar da ake sa wa mushe don kura da dila tana kashe su tuli. Ana kuma kashe su don a sayar da kai da ƙafa ga masu magani. A 2014 an kashe wata angulu a kudancin Nijar, wadda aka ɗaura wa na'ura tun daga ƙasar Girka. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ke tsaron ta.

Yanzu salula mai hoto ta shiga ƙauyuka, kuma hoto ya fi jifa amfani. Mai son ɗaukar hoton tsuntsu ya fita da sassafe ko da la'asar, ya ba rana baya. Ya tafi sannu, ba kai tsaye ba. Ya jingina hannu ga itace don kada hoton ya girgiza. In tsuntsun ya miƙe wuya yana dubansa, ya tsaya nan, ya isa. Da dare kada a dalle mujiya da tocila a ido. Kada a hau itace don hoton sheƙa, gama uwa takan gudu ta bar ƙwai ya huce. A rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauki hoton, a nuna wa ma'aikacin gandun daji.

In an tsinci ɗan mujiya ƙasa, a rufe shi da tsumma, a mai da shi kogonsu ko bisa reshe kusa da wurin. Iyayensa ba su nisa. A kiyayi farcensa, ya fi bakinsa haɗari. In ga zobe a ƙafar tsuntsu, a kwafe lambar da ke jiki daidai, domin ita ke faɗin ƙasar da ya fito. Tsuntsun da aka tarar matacce kuwa, kada a taɓa shi da hannu, kada yara su yi wasa da shi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a 2006, kuma tana iya kama mutum. In matattun sun yi yawa wuri ɗaya, a tsare kaji cikin gida, a sanar da likitan dabbobi ran nan.