Makarantar Garwa da Amanar Gandun Daji a Zamanin da Damina Ta Sauya Hali

A birnin Garwa na arewacin Kamaru, wanda ke zaune a gaɓar kogin Binuwai, inda baƙo zai ji Fillanci da Hausa suna gauraye a kasuwa har ya ɗauka a Yola yake, akwai wata makaranta wadda jama'a da yawa ba su san da zamanta ba, alhali kuwa tun shekarar 1970 take yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka fiye da ashirin, galibinsu masu aiki da Faransanci. Ilmin da ake nema a cikinta shi ne na kula da namun daji da gandayen da hukuma ta keɓe musu. 'Yar'uwarta kuma, wadda ta girme ta da shekara bakwai, tana Mweka, a gindin dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, an buɗe ta a 1963 domin ƙasashe masu aiki da Ingilishi. Daga waɗannan gidajen ilmi biyu ne akasarin shugabannin gandayen nahiyar nan na farko suka fito, bayan da Turawan mulki suka naɗe tabarmarsu suka bar dazuzzuka ba su horar da isassun 'yan ƙasa da za su gaje su ba.

Karatun da aka ɗora makarantun nan a kansa tun farko karatu ne mai kyau gwargwadon zamaninsa. Ana koya wa ɗalibi ya rarrabe sawun gwanki da na kanki, ya san ƙidayar garken ɓauna, ya iya riƙon bindiga da shirya sintiri, ya haddace dokar farauta, ya kuma san inda iyakar gandu ta fara da inda ta ƙare. Amma duk wannan tarbiyya an gina ta ne bisa wani zato wanda ba a rubuta shi a littafi ba domin kowa ya ɗauke shi tabbas, wato cewa damina za ta riƙa zuwa a kan lokacinta, tafkuna su cika kamar yadda suka saba, ciyawa ta tsiro inda ta tsiro bara; saboda haka idan an tsare iyaka an kori maharbi, sauran aiki daji zai yi wa kansa. Wannan zato shi ne ya rushe, kuma babu inda rushewarsa ta bayyana sarai kamar gandun Waza, wanda ɗaliban Garwa suka daɗe suna zuwa cikinsa domin aikin gwaji.

Waza fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 1,700 kusa da iyakar Nijeriya da Chadi, an keɓe shi tun 1934, aka ɗaga darajarsa ya zama gandun ƙasa a 1968. Rayuwarsa kuwa ba ta dogara ga ruwan da ke sauka a kansa kaɗai ba, ta dogara ne ga ambaliyar kogin Logon, wadda kowace shekara takan malalo ta rufe fadamun gabashinsa wata da watanni, sa'an nan ta janye sannu a hankali ta bar ciyawa mai saiwa, irin wadda ba ta mutuwa da rani, wadda maraya da dari da giwa suke kiwo har faɗuwar damina. To, a 1979 aka gama madatsar ruwa ta Maga tare da ganuwar da aka ja a gefen kogin domin noman shinkafa, sai ga shi abin ya haɗu da shekarun fari, wanda ya yi tsanani a 1973 ya kuma dawo da ƙarfinsa a 1984. Ruwa ya daina isa fadama, ciyawa mai saiwa ta mutu, wadda ta maye gurbinta kuwa ta damina ce mai bushewa da wuri. Garken maraya da a da ake lissafinsa dubbai barkatai ya zube, giwaye suka riƙa fita kudu suna faɗa wa gonakin talakawa, masunta da makiyaya kuma suka watse neman abinci. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan musiba iyakar gandun tana nan daram inda aka zana ta, ma'aikata kuma suna bakin aikinsu, amma abin da aka ba su amanarsa yana lalacewa ta wata ƙofa wadda ba a taɓa koya musu tsaronta ba.

A 1994 aka fasa wani sashe na ganuwar aka mayar da ruwa ga wani yanki na fadamar, ciyawar kirki ta fara dawowa, kifi ya yawaita, tsuntsayen ruwa suka komo. Sai dai kuma shanu sun komo tare da su, har sun fi yadda aka zata yawa, ta yadda namun daji ba su ci moriyar ruwan ba kamar yadda aka yi fata. A ganina, wannan kashi na biyu na labarin ya fi na farko amfani ga mai neman ilmi, domin ya nuna cewa shugaban gandu, ko da ya san sirrin ruwa, muddin bai san mutanen da ruwan zai jawo ba, to rabin karatu ya yi.

Yau kuwa al'amarin ya ƙara rikicewa, domin masana yanayi sun tabbatar cewa zafi na ƙaruwa a yankin Sahel, ruwan sama kuma, ko da ya ɗan farfaɗo bayan shekarun fari, ya koma saukowa da ƙarfi a 'yan kwanaki kaɗan, sa'an nan ya ɗauke a tsakiyar damina lokacin da ake matuƙar bukatarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2022, ko wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, ba ya bukatar a kawo masa hujja. Saboda haka ma'aikacin gandu na wannan zamani wajibi ne ya zama mai rubutu kafin ya zama mai harbi. Ya kafa ma'aunin ruwan sama ya riƙa duba shi kullum safiya, ya rubuta ranar da kowane tafki ya cika da ranar da ya ƙafe, ya lura da watan da giwa ta bar wuri kaza ta koma wuri kaza, domin daga irin wannan littafi, idan ya shekara goma ko ashirin ba a yanke ba, ake gane inda daji ya dosa, a san ko za a yashe tafki, ko a haƙa rijiyar burtsatse, ko a nemi a bar wata hanya a buɗe tsakanin gandu da gandu saboda dabba ta sami mafita ranar da ruwa ya yi mata ƙaura. Haka nan sha'anin wuta, wanda a da ake yinsa bisa al'ada: ana ƙona ciyawa da wuri, tun tana da sauran danshi, domin a karya lagon gobarar tsakiyar rani, amma idan ƙarshen damina ya daina tsayawa a wata ɗaya, to lokacin cinna wutar ma ya zama mas'alar ijtihadi, sai an duba ƙasa an duba iska. Hotunan tauraron ɗan'adam da na'urar da ake ɗaura wa giwa a wuya suna taimako ƙwarai, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya iya karanta su. Amma ba su ɗauke wa kowa tafiyar ƙasa ba.

Fanni mafi wuya, wanda kuma nake ganin ya cancanci a ba shi rabin lokacin karatu, shi ne mu'amala da makiyayi. Idan mashaya ta ƙafe, burtali kuma manoma sun cinye shi, babu sauran wuri mai kore sai gandun hukuma, kuma Bafillacen da ya kwana uku shanunsa ba su sha ba ba zai tsaya karanta allo ba. A nan malamanmu na da suna da abin koyarwa. Shari'a ta san abin da ake kira hima, wato makiyaya keɓaɓɓiya domin maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya naɗa wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu ya kula da hima, ya kuma yi masa wasiyya da sassauci ga mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki, ya tsananta ga dukiyar manyan attajirai, bisa hujjar cewa attajiri yana da gona da dabino da zai koma gare su, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. Gaskiya ne himar nan ta dabbobin baitulmali ce, ba ta namun daji ba, amma ƙiyasin a bayyane yake: mai tsaron keɓaɓɓen wuri yana bukatar basirar rarrabe mabukaci da mai kwaɗayi, ya san arɗo da sunansa, ya zauna da sarkin ruwa da sarkin baka tun kafin rani ya tsananta, a yi yarjejeniya a kan mashaya da ranakun shiga, maimakon a jira sai an zare takobi.

Ba ina cewa a ajiye bindiga ba ne. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da manyan makamai suka shiga gandun Buba Njidda, wanda ke jiha ɗaya da Garwa, suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni saboda haure, Waza kuma rashin tsaro ya kore masa masu yawon buɗe ido tun 2013. Wanda za a tura irin waɗannan wurare dole a horar da shi kare ransa, a kuma biya shi albashinsa a kan kari.

A Nijeriya akwai kwalejin tarayya ta wannan fanni a Sabuwar Bussa, kusa da tafkin Kainji, akwai kuma gandaye irin su Yankari, wanda aka keɓe a 1956, inda namun daji ke taruwa a kwarin kogin Gaji da rani kamar yadda na Waza ke taruwa a fadama. Abin da nake roƙo ga hukumomin da ke riƙe da su shi ne kada a tsaya ga sababbin ɗalibai kaɗai. A riƙa mayar da tsofaffin ma'aikata aji bayan 'yan shekaru, a kuma zaunar da su gaban matasa su faɗi abin da idonsu ya gani, domin a cikinsu akwai wanda zai iya nuna maka kwarin da yake ɗibar ruwa a watan Maris sa'ad da ya kama aiki, wanda yanzu tun Janairu yake zama yashi, kuma har yau ba a sami wanda ya rubuta wannan daga bakinsa ba.