Daron wanke ƙafa a Ekklesiyar 'Yan'uwa

A kudancin jihar Borno da arewacin Adamawa, inda Bura da Margi da Kilba da Kamwe da mutanen Chibok ke zaune, akwai ikkilisiyar da ta riƙe wata al'ada da yawancin majami'u ba sa yi. Ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Tushenta yana Garkida, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Su kuma sun gaji koyarwar ne daga wata ƙaramar jama'a da ta fara a Shwazenau ta ƙasar Jamus a 1708, ƙarƙashin Alexander Mack, wadda tun farko ta ƙi yaƙi da ɗaukar makami. Al'adar ita ce wanke wa juna ƙafa kafin a ci Jibin Ubangiji. A ganina, wannan al'ada ce ta sa gafara a wurinsu ta zama aikin da jiki ya saba yi, ba wa'azin ranar Lahadi kaɗai ba.

Ga yadda abin yake. Maza suna gefe guda, mata suna nasu gefen. Ana kawo daro da ruwa da tawul, kowa ya tuɓe takalmi. Mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban wanda ke kusa da shi, ya kama ƙafarsa ya wanke, ya goge, sannan su tashi su gaisa, shi kuma wanda aka wanke wa ya juya ga na gaba. Ba ka zaɓen wanda zai faɗo maka. Ƙafar manomi ce mai kaushi da faso, wadda ta sha ƙurar hanya, kuma mai yiwuwa shugaban makaranta ne ko tsohon ma'aikacin gwamnati zai riƙe ta. Bayan haka sai a ci abinci tare, sannan a raba gurasa da ƙoƙo. Sun ɗauko wannan daga Bisharar Yohanna sura 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa a daren da aka bashe shi, kuma mai cin amanar yana cikinsu. A ƙasar da yaro ba ya haɗa ido da babba, ganin dattijo mai furfura a durƙushe gaban saurayi ba ƙaramin abu ba ne.

Amma muhimmin aikin yana faruwa ne kafin a zuba ruwan. Koyarwar ikkilisiyar ita ce ba a zuwa teburin Ubangiji da riƙo a zuci. Wanda yake da saɓani da ɗan'uwansa kan iyakar gona, ko bashi, ko maganar da ta ɓata suna, ana sa ran ya bi matakan da ke cikin Matiyu sura 18: ya same shi su biyu, in ya ƙi ya tafi da shaidu, in abin ya gagara a kai gaban ikkilisiya. Dalilin da suke bayarwa mai sauƙi ne. Ruwan sama, da dawar da aka girbe, da 'ya'ya, da gafarar zunubi, duk kyauta ce daga Allah, ba wanda ya biya kuɗinta. Wanda aka yafe masa da yawa ba shi da bakin da zai tsare maƙwabcinsa kan kaɗan.

Jarabar da ta fi gwada wannan jama'a ba ta kuɗi ba ce ko ta giya, ta ramuwa ce. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma kowa ya san daɗin da zuciya ke ji da wannan magana. A daren 14 ga Afrilu, 2014, Boko Haram ta sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN. A ƙarshen Oktoba na 2014 aka ƙwace hedikwatar ikkilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos. An ƙone majami'u masu yawa, an kashe dubban mambobi. Duk da haka shugabancin, a lokacin ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali, bai yi kiran ɗaukar fansa ba. Ƙungiyar agaji ta Dakta Rebecca Dali ta taimaki zawarawa da marayu, Kirista da Musulmi, kuma a Gurku ta jihar Nasarawa an kafa matsugunin da masu gudun hijira na addinan biyu suke zaune tare.

Wani zai ce wannan gafara tana ba mugu ƙarfin gwiwa, tana kuma ɗora wa wanda aka zalunta kaya na biyu. Maganar tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, in aka matsa mata ta ce ta yafe tun hawayenta bai bushe ba don kawai ranar jibi ta zo, an zalunce ta da sunan ibada. Sai dai gafarar da ake koyarwa a nan ba ta hana hukuma yin aikinta, ba ta kuma hana iyayen Chibok neman a dawo musu da 'ya'yansu, abin da har yau suke yi. Abin da take hanawa shi ne mutum ya mai da kansa alƙali kuma hauni, ya huce haushin Boko Haram a kan Bafulatanin da ke kawo nono ko mai shagon unguwa, alhali su ma an kashe nasu.

Akwai kuma mai cewa ana iya wanke ƙafa da hannu zuciya tana cike da ƙiyayya. Gaskiya ne, kuma ba kowane ɗan EYN ne ya riƙe koyarwar ba a lokacin tsanani. Amma al'adar ba ta jiran zuciya ta shirya. Tana sa ranar, tana sa mutum a layi ɗaya da wanda yake gudu, kuma dattawan ikkilisiya da matan zumunta sun san wanda ya daina gaisawa da wane, za su kuwa je gidansa kafin ranar ta zo.