Layin Exec Ba Ya Jin Yaren Bash

Kantar nan da ake jera tambarin manhajoji a gefen allon kwamfuta ba sabuwa ba ce. Kamfanin NeXT na Steve Jobs ya fito da ita a NeXTSTEP a 1989, Apple ta gaje ta a Mac OS X a 2001. A ɓangaren Linux, Alfredo Kojima ɗan Brazil ya kwaikwayi salon a Window Maker a 1997, daga baya irin su Cairo-Dock da Plank suka biyo sahu.

Mai Linux da ya gaji da buga umarni guda kullum safiya yana iya ɗora shi a kan kantar, ya riƙa latsawa kawai. Yawancin kantocin yau suna bin ƙa'idar freedesktop.org: a rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop, a ajiye a ~/.local/share/applications. A ƙarƙashin kanun [Desktop Entry] sai a sa Type=Application, da Name, da Icon, da Exec, wato umarnin kansa. Daga nan a jawo shi zuwa Plank.

A layin Exec ɗin nan gizo ke saƙa. Mutum zai kwafo abin da ke aiki lafiya lau a taminal, misali df -h | sort, ya latsa, shiru kake ji. Dalili kuwa, ba Bash, mai fassara umarni a taminal, ke karanta layin ba. Kantar tana ɗaukar kalmar farko a matsayin manhaja, ta miƙa mata sauran yadda suke. Sandar nan ta |, da &&, da ~, da $HOME, duk Bash da irinsa, kamar sh, ne suka san ma'anarsu. Dole a naɗe umarnin cikin sh -c "…" tukuna.

Ko an naɗe, da sauran rina a kaba. Alamar % tana da nata aikin a wannan layi: %F na nufin fayilolin da aka miƙa wa manhajar. Wanda ya rubuta date +%F don samun kwanan wata zai tarar an cinye masa ita, sai ya ninka ta zama %%F. Alamar $ kuma a tsakanin "…" tana son \\ a gabanta. Abin ya cika wahala a banza.

A ganina, da zarar umarni ya wuce kalma uku, a fitar da shi daga Exec gaba ɗaya. A zuba shi a fayil nasa mai farawa da #!/bin/bash, a ba shi izini da chmod +x, a rubuta cikakken adireshinsa a layin Exec tun daga /home, domin kantar ba ta karanta .bashrc, ba lallai ta san PATH ɗin da ka shirya a can ba. In ana son ganin sakamako, a sa Terminal=true a fayil ɗin .desktop, a ƙare fayil ɗin umarnin da read, in ba haka ba tagar za ta rufe kafin ƙiftawar ido. Umarnin desktop-file-validate zai nuna kuskuren rubutu.

Abin da ke buƙatar ikon shugaba, pkexec ya fi sudo dacewa da shi, don yana buɗe tagar neman kalmar sirri. Umarnin goge fayiloli kuwa, ni dai ba zan ajiye shi kusa da tambarin Firefox ba.