Ko Kun Sani? Ana Mayar da Iska Ruwa Don a Raba Ta

Ko kun san cewa iskar nan da muke shaƙa ana iya mayar da ita ruwa, a zuba ta a mazubi, sannan a rarrabe abubuwan da ke cikinta? Ta haka manyan masana'antu ke samar da oksijin da asibitoci da masu walda ke amfani da shi. Iska gauraye ce: kusan kashi 78 cikin ɗari nitrojin ne, kashi 21 oksijin, ɗan ragowar kuma akasarinsa agon. Da farko sai a cire ƙura da laima da iskar kabon, domin in aka bar biyun ƙarshe za su daskare su toshe bututu. Daga nan sai a matse iskar, a yi ta sanyaya ta har ta zama ruwa. Sirrin rabuwar shi ne kowanne da matakin da yake tafasa. Nitrojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri, oksijin kuwa sai a 183, don haka idan ruwan ya ɗan ɗumama nitrojin ke fara tashi ya bar oksijin a ƙasa, kamar yadda matatar mai ke raba fetur da kananzir. Injiniyan Jamus Carl von Linde ne ya ƙera na'urar mayar da iska ruwa a 1895. Abin mamaki, ruwan oksijin launinsa shuɗi ne mai haske, kuma maganaɗisu na jan sa.