Asu, Ɓarawon Cikin Adaka

Idan ɗari ya wuce, kowa yakan naɗe bargonsa ya jefa cikin adaka. Darduma ta ulu kuwa, wadda ba a shimfiɗa ta sai an yi babban baƙo ko ranar salla, tana can jingine a lungun ɗaki. Wata bakwai ko takwas ba wanda ya taɓa su. Ranar da aka warware sai a tarar da huji ko'ina, gashi yana zuba kamar dusa. Asu ya ci.

Ɓarnar nan tsohuwa ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma kan kawo dardumai da alkyabbu da mulufi daga Tarabulus. Sukan sauka a Zongo, su koma da fatu da gashin jimina. Duk kayan nan abincin asu ne, don shi gashin dabba yake ci: ulu, da buzun salla, da gashin tsuntsu. Wanda ya gaji irin wannan darduma wurin kakansa, in ta lalace ba kasuwar da zai samo irinta.

Mutane da yawa suna zaton ɗan ƙwaron nan mai fiffike shi ke cin kaya. Ba shi ba ne. Shi ba ya cin komai. Macen ce ke zuba ƙwai, kamar 40 ko 50, cikin gashin darduma. In akwai ɗumi, kwana 4 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe. Wata 'yar farar tsutsa ke fitowa, ita ce mai ɓarnar. Takan yi wata ɗaya tana ci, wani lokaci watanni da yawa, kafin ta yi fiffike. Saboda haka wanda ya ga asu yana tashi a ɗakinsa ya tafa ya kashe, bai yi maganin komai ba. An riga an yi masa ajiya.

Tsutsar tana son duhu, da laima, da wurin da ba a motsawa. Ta fi son inda gumi ko miya ko nono ya zuba. Shi ya sa kayan doki da aka cire bayan hawan salla, aka ajiye da jiɓinsu, sukan riga sauran kaya lalacewa.

Maganin da ya fi kowane ba sayensa ake ba. Rana ce. Zafin da ya kai digiri 50, in ya ratsa kaya sosai, yana kashe tsutsa da ƙwai duka. A ƙasar Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, ko a inuwa zafi yakan wuce digiri 40, balle a tsakar gida.

To, kafin ruwan farko ya sauka, a fito da darduma. A rataya ta, a kakkaɓe da sanda, a share ciki da baya da tsintsiya, musamman gefe-gefe da wurin naɗi. Inda ya yi dauɗa a wanke da sabulu da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana sa ulu ya tsuke. A shanya ta a kife, kada rana ta cinye launinta. In an riga an ga tsutsa, a bar dardumar ta bushe sarai, a sa ta cikin baƙar leda babba, a ɗaure baki, a ajiye a rana tun hantsi har la'asar, kwana biyu, ana juyawa. A share adakar ita ma, a bar ta buɗe a rana.

Daga nan sai a naɗe a cikin zane mai tsabta. Kada a ajiye a ƙasa ko jikin bango, don can gara ke jira. Busasshen ganyen dogon yaro yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma ba ya kashe ƙwan da ke ciki. Cikin damina a riƙa buɗewa ana dubawa, ko sau ɗaya a wata.

Kafur na kasuwa yana aiki a adaka mai rufuwa sosai kawai. Guba ne, ga shi fari kamar alewa. A ɓoye shi daga yara, kada kuma a sa shi cikin kayan jariri. Ƙwayar maganin da ake sa wa buhun wake kuwa, kada ta shiga ɗakin kwana ko kaɗan. Iskarta tana kashe mutum.

Ba kowace darduma ce ke bukatar wannan wahala ba. Yawancin na kasuwa yanzu, har da waɗanda alhazai ke kawowa tsaraba, na roba ne, asu ba ya cin su. Mai son ya gane tasa, ya zare zare ɗaya daga gefe ya kai shi bakin wuta. In ya narke ya dunƙule, roba ce. In ya yi ƙaurin babbakar kan rago, ulu ne.